Ana raɗe-raɗin rage ma'aikata a masana'antarmu: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa aiki a masana'anta ya san yadda maganar ke farawa. Direban motar ɗaukar kaya ya tsinci wata magana a bakin ƙofa, ya raɗa wa mai gadi, kafin masu aikin safe su tashi labari ya kai ƙarshen layi, har an san mutum nawa za a sallama da ranar da za a liƙa sunaye. Wani lokaci zancen ba shi da tushe, wani lokaci kuwa ruwa ba ya tsami banza. Tambayoyin nan su ne waɗanda ma'aikata suka fi yi wa juna idan abin ya taso. Dokokin ƙwadago sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka duk dokar da aka ambata a nan ma'auni ce kawai. Abin da zai hau kanka shi ne dokar ƙasar da kake aiki, takardar kama aikinka, da yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da kamfani.

An kawo sabon manaja, ana ta garambawul a ofisoshin sama. Kora ke nan ta tunkaro mu?

Ba dole ba ne. Garambawul na iya tsayawa a kan haɗe sassa biyu, ko sauya wanda wane zai riƙa kai wa rahoto, a gama ba a taɓa ko mutum ɗaya a gaban inji ba. Amma ba a cire manajan masana'anta a kawo wani don sha'awa. Akwai lissafin da aka aiko shi ya gyara, kuma galibi ɗaya ne cikin uku: kuɗin da ake kashewa kafin a ƙera kaya guda ya yi yawa, kayan da ake mayarwa saboda aibi sun yawaita, ko oda ba ta fita a kan lokaci. Idan matsalar inganci ce ko jinkiri, sabon manaja ya fi bukatar ƙwararrun hannu fiye da kowa. Idan ta kuɗi ce, to albashi na cikin abubuwan da zai fara buɗe littafinsu. Ku saurari abin da ya fi nanatawa a taronsa na farko da na biyu, nan za ku gane wanne aka aiko shi.

Waɗanne alamu ne ya kamata mu ɗauka da gaske?

Na cikin sito da na gaban inji sun fi na bakin mutane. Ma'aikacin masana'anta yana da wata dama da ma'aikacin ofis ba shi da ita: lafiyar kamfanin a gabansa take kullum, idonsa na gani.

Leƙa sito. Idan kayan da aka gama ƙerawa sun taru har an fara jera su a hanyar wucewa, ƙura ta kwanta a kan ledar da aka naɗe su, motocin da ke layin lodi kuma sun koma biyu bayan da a da sai an yi rigimar wuri, to kasuwa ta ja baya. Duba ɓangaren ɗanyen kaya: ana kawo shi cike da mota kamar da, ko kuwa ɗan kaɗan-kaɗan, sai an biya a sauke? Mai kawo kaya da ya daina ba da bashi ya riga ku jin wani abu. Sai kayan gyara. Inji ya lalace, makaniki ya rubuta abin da yake so, mako uku ba a saya ba, a ƙarshe aka ce ya ciro daga injin layi na uku da ke tsaye. Kamfanin da ke cin naman wani inji don ya rayar da wani ba ya shirin sake tayar da na farkon nan kusa.

Akwai kuma jerin matakan da kamfanoni suka saba bi kafin su kai ga ma'aikatan dindindin. A dakatar da ɗaukar sababbi, wanda ya yi ritaya a bar gurbinsa. A soke aikin ƙarin lokaci. A ƙi sabunta kwantiragin ma'aikatan wucin gadi da na 'yan kwangila. A haɗe aikin dare da na rana, ko a ce kowa ya tafi hutunsa na shekara a lokaci guda. Ɗaya daga cikin waɗannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, tsimi ne na yau da kullum. In ka ga uku ko huɗu sun biyo juna cikin 'yan watanni, gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta.

Wasu baƙi suna tsayawa a bayanmu da agogo suna rubutu. Su wane ne?

Masu auna aiki ne, ko na kamfanin ko na haya. Suna ƙirga daƙiƙa nawa kowane mataki ke ci, sau nawa ka bar wurinka don ɗauko wani abu, minti nawa inji ke tsaye yana jira. Da wannan ake lissafa mutum nawa layi yake bukata. Kada ka yi gudun da ba za ka iya yi kullum ba don ka burge su, domin saurin da suka rubuta shi zai zama ma'aunin da za a riƙe ku da shi gobe. Kada kuma ka ja ƙafa da gangan, sun saba ganin haka. Yi aikinka yadda ka saba, kuma idan akwai abin da agogo ba ya gani, kamar share bakin inji bayan kowace awa ko jiran mai duba inganci, faɗa musu su rubuta.

Mun tambaya an ce "babu wani shiri a halin yanzu". Mu yarda?

Ku riƙe kalmomin ƙarshe, a nan maganar take. Sau da yawa mai faɗin haka bai yi ƙarya ba: ba a sa hannu a kan komai ba tukuna, ko kuma shi kansa ba a gaya masa ba. Shawarar rufe layi ko masana'anta a hedkwata ake yanke ta, kuma kamfanin da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwa yana da ƙa'idar lokacin da zai bayyana babban labari. Akwai kuma tsoron kada ƙwararru su watse tun kafin a gama odar da ke hannu. Tambayar "za a kore mu?" ba ta kawo amsa. Wakilanku su yi waɗanda ba a iya zamewa: odar wata nawa ke gabanmu? An ware kuɗin gyaran injuna na baɗi? Sabon samfurin da ake magana, a nan za a ƙera shi ko a wata masana'antar? Wurin da ake zuba wa sabon inji ba a cika rufe shi ba.

Kamfanin yana cin riba. Me zai sa a rage mu?

Ribar kamfani daban, matsayin masana'antarku a cikinsa daban. Ana gwada ku ne da sauran masana'antunsa da kuma abin da zai kashe in ya ba wani kwangilar aikin. A farkon 2008 Nokia ta sanar da rufe masana'antar wayoyinta ta Bochum a Jamus, mai ma'aikata kusan 2,300, a lokacin da kamfanin ke kan ganiyarsa, ta mayar da aikin Romaniya inda ƙwadago ya fi araha. A 2011 ita ma ta Romaniyar aka rufe ta.

Mene ne bambancin kora da rage ma'aikata? Ai duk barin aiki ne.

A aljihu da kuma a takarda bambancin babba ne. Kora tana biyo bayan laifi ko gazawa, kuma tana iya hana mutum wasu haƙƙoƙi. Rage ma'aikata kuwa gurbin aikin ne aka ce ba a bukata, mutumin bai yi komai ba. Don haka ka tabbata takardar sallamarka ta faɗi haka ɓaro-ɓaro. Mai ɗaukar aiki na gaba zai karanta ta, kuma a ƙasashen da ake biyan tallafin rashin aiki, dalilin da aka rubuta shi ake dubawa.

Kamfani na iya wayar gari kawai ya ce kada mu dawo?

A yawancin ƙasashe doka ba ta yarda ba, ko da yake ana yi. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta shimfiɗa ginshiƙan: dole a sami dalili karɓaɓɓe, a ba da notis ko kuɗi a madadinsa, a tuntuɓi wakilan ma'aikata tun da wuri kan yadda za a kauce wa sallamar ko a rage yawanta, a kuma sanar da hukuma. Ƙasashe da dama ba su rattaba mata hannu ba, ciki har da Amurka da Birtaniya, amma dokokin cikin gida sun ɗauki abubuwa da yawa irin nata.

A Amurka, dokar WARN ta 1988 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin rufe masana'anta ko sallamar jama'a da yawa. A Tarayyar Turai, ƙa'idar 1998 ta ce a tuntuɓi wakilan ma'aikata, a sanar da hukuma a rubuce, kuma sallamar ba ta fara aiki sai bayan aƙalla kwana 30 da sanarwar. A Birtaniya, in za a rage mutum 20 zuwa 99 a wuri guda, tattaunawa za ta fara aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko. In sun kai 100, kwana 45. A Najeriya, sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilan ma'aikata dalili da kuma yawan waɗanda abin zai shafa, kuma kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen daidaitawa kan kuɗin sallama.

Waɗannan kwanakin su ne jarin ma'aikata. A cikinsu ake rage adadi, a cikinsu ake ƙara kuɗin sallama, a cikinsu ake nemo wa wasu gurbi a wani sashe. Abin takaici, sau da yawa ana cinye rabinsu a zagin manaja a ɗakin canza kaya.

Wa ake fara cirewa?

Tsohuwar ƙa'ida ita ce wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita. Tana nan a yarjejeniyoyin ƙungiyoyi da yawa, tana nan a dokar Najeriya ma, sai dai an haɗa ta da duba ƙwarewa, iya aiki da riƙon amana. A Jamus ana auna shekarun aiki, shekarun haihuwa, nauyin iyali da naƙasa, wanda sallama za ta fi yi wa illa shi ake ƙoƙarin bari. Kamfanoni da yawa a yau maki suke bayarwa: zuwa aiki, takardun gargaɗi, yawan injunan da mutum ya iya. Na ƙarshen nan yana da nauyi ƙwarai idan za a haɗe layuka. Wanda ya shekara 15 a kan inji ɗaya tak, in aka tsayar da injin, ya fi shiga haɗari a kan yaron da ya iya huɗu. Kana da damar tambayar ma'aunin da aka bi da makin da aka ba ka. Ana samun kuskure a ciki, musamman inda aka ƙirga hutun jinya a matsayin fashin aiki.

Ina da juna biyu, mijina kuma wakilin ƙungiya ne a sashensu. Za a iya fakewa da wannan a cire mu?

Yarjejeniya ta 158 ta lissafa abubuwan da ba za su zama dalilin sallama ba, kuma ciki, hutun haihuwa, zama ɗan ƙungiya ko wakilin ma'aikata, kai ƙarar kamfani, addini, jinsi da launin fata duk suna ciki. Wannan ba ya nufin ba za a taɓa ku ba idan aka rufe sashen gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne ko an tsame ku daga cikin takwarorinku ba tare da ma'aunin da ya hau kan kowa ba. Ki ajiye kwafin takardar da kika sanar da ofis cikinki, da kwanan watanta.

Ni shugaban sashe ne. Na ɗauka mu ba ruwanmu.

Idan garambawul na shugabanci ne, ku ne a bakin wuƙa. Rage matakan da ke tsakanin babban manaja da mai riƙe da inji tsohuwar dabara ce. Jack Welch, wanda ya karɓi ragamar kamfanin General Electric na Amurka a 1981, da ita ya yi suna, kamfanoni kuma suka yi ta kwaikwayonsa. Mai kula da mutum 8 a ce ya kula da 20, mataimakinsa ya zama rara. Ga ƙarin wahala: kai za a ba takardar cike maki, kai za ka kalli idon mutanenka, alhali naka sunan yana iya kasancewa a wata takardar da ba a nuna maka ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kada ka yi wa kowa alkawarin cewa ba za a taɓa shi ba, kuma duk makin da ka bayar ya zama wanda za ka iya karewa a gaban mai shi.

Babu wata hanya sai sallama?

Akwai, in matsalar ta ɗan lokaci ce. A ƙarshen 1993 Volkswagen ta ga tana da rarar ma'aikata kusan 30,000 a Jamus. Ta zauna da ƙungiyar ma'aikata ta IG Metall, aka rage awannin mako daga 36 zuwa 28.8, aka koma aikin kwana huɗu, kowa ya ɗauki ragin albashi, ba a yi sallamar ba. Jamus tana kuma da tsarin gajeren aiki, inda gwamnati ke cike wa ma'aikaci wani kaso na albashin awannin da aka yanke, kuma an dogara da shi sosai a 2009 da 2020. Sauran hanyoyin sun haɗa da ritayar wuri ga masu so, dawo da ayyukan da aka ba 'yan kwangila, da tura mutane wata masana'antar kamfanin. Sharaɗi ɗaya: duk abin da ma'aikata za su sadaukar, a rubuta ranar ƙarewarsa da abin da aka ba su a madadi, misali alkawarin ba za a sallami kowa ba har zuwa wata kaza. Ragin albashin da ba shi da wa'adi yakan zauna, sannan in sallamar ta zo daga baya a lissafa kuɗinta a kan ragaggen albashin.

Gara in ajiye aikin da kaina tun kafin a wulaƙanta ni?

A'a, sai in kana da takardar wani aikin a hannu. Wanda ya yi murabus yakan rasa kuɗin sallama da na notis, kuma ya sauƙaƙa wa kamfani lissafi. In wani babba ya ja ka gefe ya ce "rubuta takardar ajiye aiki, ya fi maka mutunci", ka ce ya ba ka shawarar a rubuce. Ba zai bayar ba.

Tayin barin aiki na ganin dama, wanda kamfani ke sanarwa ga kowa da ƙarin kuɗi, wani abu ne daban. Yana yi wa wanda ya kusa ritaya ko mai sana'ar da ake nema a waje. Kafin ka miƙa suna, raba kuɗin da abin da gidanka ke ci a wata, bayan an cire haraji da bashin da kamfani ke bin ka, ka ga wata nawa zai kai ka. Dunƙulen kuɗi yana da girma a takarda.

An kira ni ofis, an turo mini takarda da biro. In sa hannu?

Ɗakin yakan kasance da mutum biyu, manajanka da wani daga ofishin kula da ma'aikata, ambulan a kan tebur, kuma maganar ba ta wuce minti goma. Kunnenka zai toshe tun daga jimlar farko, abin da aka faɗa bayanta ba za ka riƙe rabinsa ba. Shi ya sa ba a yanke shawara a nan. Takardun iri biyu ne: akwai ta shaidar cewa ka karɓi wasiƙa, akwai wadda ke cewa ka amince da abin da aka ba ka kuma ka yafe duk wata ƙara. Ta farko ba matsala, rubuta "na karɓa" da kwanan wata. Ta biyu ka tafi da ita gida, wakilin ƙungiya ko lauya ya gani. A Amurka ma doka ta ba mai shekara 40 zuwa sama kwana 21 ya yi nazarin irin wannan takarda, kwana 45 in sallamar ta rukuni ce, da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu. Nemi a bar ka ka shiga da wakili, kuma in an ce "yau kaɗai tayin yake", tambayi a ina aka rubuta haka.

Me ya kamata ya kasance a lissafin ƙarshe?

Albashi har ranar ƙarshe da ƙarin lokacin da ba a biya ba, kuɗin notis in ba a bar ka ka yi shi ba, kwanakin hutun da ba ka ci ba, kuɗin sallama, da giratuti in yana cikin sharuɗɗanku. Kuɗin sallama galibi albashin makonni kaza ne a kan kowace shekarar aiki. A Birtaniya, wanda ya kai shekara 2 yana samun na rabin mako, mako ɗaya ko mako ɗaya da rabi a kowace shekara gwargwadon shekarun haihuwarsa, ba a ƙirga fiye da shekara 20. Yarjejeniyar ƙungiya takan fi abin da doka ta tanada. Abu biyu ake yawan mantawa: a duba ko duk abin da aka yanka na fansho ya shiga asusu da gaske, kuma wanda ya yi aiki cikin ƙara, ƙura ko sinadarai ya nemi gwajin lafiya da kwafin sakamakonsa kafin ya miƙa katin shiga. Ciwon huhu da na kunne sukan bayyana bayan shekaru.

In an sayar da masana'antar, ko kamfanin ya karye fa?

A Tarayyar Turai da Birtaniya, in aka sayar da wurin aiki ma'aikata kan koma hannun sabon mai shi da shekarunsu da sharuɗɗansu. Inda babu irin wannan doka, a kula da dabarar "a sallame ku yau, a sake ɗaukarku gobe", domin tana mayar da shekarun mutum sifili. In za a yi, a biya na baya tukuna. Karyewa ta fi muni, ma'aikata kan shiga layin masu bin bashi. Ƙasashe da yawa suna sa albashin da ba a biya ba a sahun gaba, wasu kuma suna da asusun da ke biyan wani kaso. A shigar da buƙata a rubuce wurin wanda kotu ta naɗa, da wuri.

An ce gurbina ya tafi amma akwai wani gurbin a sashen lodi. Dole in karɓa?

Gwada albashi, awanni, matsayi da nisan wurin. In sun yi kusa da naka na da kuma ka ƙi, a wasu ƙasashe kana iya rasa kuɗin sallama. In ragi ne mai yawa, kana da hujjar ƙi. Birtaniya tana ba da makonni 4 na gwaji. Ko dokarku ba ta tanada ba, nemi irinsa a rubuce.

Ba a ce komai ba tukuna. Me zan yi yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai takardar kama aiki, takardun ƙarin girma, na albashin watannin baya da shaidar duk horon da ka yi gida, domin ranar da abin ya faru ba lallai a bar ka ka koma akwatinka ba. Takardunka kawai, ban da zane ko bayanan kamfani, wannan kan jawo korar da ba sisi. In akwai injin da ke kusa da naka da ba ka iya ba, roƙi a koya maka. In ka iya tuƙa motar ɗaga kaya ko walda amma ba ka da shaida, nemi shaidar tun kamfani na iya biya. Dakatar da cin sabon bashi. Kuma ka gaya wa iyalinka halin da ake ciki tun yana raɗe-raɗi. Ɓoyewa ba ta hana su gani a fuskarka, tana hana su rage kashe kuɗi ne kawai.

An yi sallamar, ni na tsira, amma raina ba daɗi, ga aiki ya ninku.

Haka yawancin waɗanda suka rage suke ji: kunyar abokan da suka tafi, da jiran zagaye na biyu. Abin da ya fi gaggawa shi ne lafiyar jikinka. Layin da mutum 10 ke riƙewa ya koma hannun 7, adadin da ake so a fitar bai sauka ba, sai a fara gajerce hanya: a cire murfin kariya don yana ɓata lokaci, a sa hannu a cire abin da ya maƙale ba a kashe wuta an kulle makunni ba, a bar sabon mutum shi kaɗai a kan injin da ya koya shekaranjiya. Tsohon makanikin da ke gane matsala daga sautin inji ma ya tafi da iliminsa. Ku nemi a sake duba haɗarin kowane gurbi bisa sabon adadin mutane, a rubuta wane aiki aka sauke tunda an rage hannu, kuma duk abin da ya kusa zama haɗari a shigar da shi littafi da kwanan wata, ko da ba wanda ya ji rauni.